Yini Guda Cikin Kwale-kwale A Madatsar Mairuwa

Yawancinmu mutanen Funtuwa da Malumfashi da Ƙafur da Bakori manoma ne, kuma in ana maganar arzikin ƙasarmu abin da ke fara faɗo mana a rai shi ne masara da dawa da auduga da waken suya. Kifi kuwa sai dai mu gan shi cikin miya, ko a tiren mai tuya a bakin tasha, ba mu cika tambayar inda ya fito ba. Da yawa cikinmu ba mu taɓa ganin teku ba, domin tana can kudu, tafiyar yini guda cur ko fiye a mota. Amma Allah bai bar mu babu ruwa ba. Muna da madatsar Mairuwa a kan hanyar Gusau, wadda aka gina a 1970 don Funtuwa ta sami ruwan sha, muna da ta Gwaigwaye da aka gina a 2003, ga kuma ta Malumfashi. A bakin waɗannan ruwaye akwai gidaje da dama waɗanda tuwonsu na dare ya dogara ga abin da raga ta kamo da safe.

Abin da ya kai mu Mairuwa shi ne wata roƙon addu'a. Wata Lahadi bayan sujada, wani saurayi ɗan ikilisiya, mai mata da 'ya'ya biyu, ya tashi ya ce a sa shi cikin addu'a, domin sana'ar su da yake yi tana neman gagararsa. Ya ce ruwa yana nan, raga tana nan, amma kifi ya ƙi. Aka yi masa addu'a, kowa ya kama gabansa. Mu kuwa maganar ta tsaya mana a rai, muka ce gani ya kori ji. Muka nemi ya roƙa mana maigidansa a sana'a ya yarda mu bi su ruwa yini guda. Cikin watan Yuni, sa'ad da damina ta fara kankama, sai ya aiko mana cewa Baba ya amince, amma da sharaɗi biyu: mu zo tun da asuba, kuma in mun shiga jirgi kada mu miƙe tsaye.

Kafin gari ya waye

Mun kwana a garin, domin a halin da ake ciki a wannan yanki ba mai son tafiyar dare. Da kiran assalatu muka fito. Baba, wanda Musulmi ne, ya yi sallarsa, mu ma muka sunkuyar da kai muka miƙa yinin ga Ubangiji. Dattijo ne mai furfura, ɗan gadon su, ya ce kakanninsa daga wajen Kabi suka fito, cikin mutanen nan da ake kira Sarkawa, waɗanda suka yi suna a sha'anin ruwa a ƙasar Hausa duka. Saurayin namu kuwa ɗan manomi ne, tun yana yaro ya laƙe wa Baba yana riƙe masa igiya, har ya koyi aikin. Baba yana ce masa ɗana, shi kuma bai taɓa kiransa da wani suna ba sai Baba.

Jirgin na katako ne, tsawonsa bai wuce taku bakwai ba, an toshe tsagoginsa da tsumma da kwalta. Ba shi da inji. Kayan cikinsa su ne filafili biyu, da doguwar gora ta tura jirgi, da daro biyu, da birgi, da ƙullin dusa, da wani yankakken galan na kwashe ruwa. Wannan galan shi aka danƙa mana, aka ce aikinmu ke nan, domin ba jirgin katakon da ba ya yoyo. Muka zauna a tsakiya muka ƙanƙame gefe. Da saurayin ya sa gora ya tura, ƙasa ta rabu da mu, sai muka ji cikinmu ya ɗuri ruwa. A tudu madatsar takan yi kamar ƙarama, amma in mutum yana zaune cikin jirgi, tsakaninsa da ruwa bai fi taƙi ɗaya ba, sai ya ga ba ta da iyaka.

A tsakiyar ruwa

Aikin farko shi ne ɗaga kalli, watau doguwar ragar nan da ake shimfiɗawa cikin ruwa tun da yamma a bar ta ta kwana. Samanta an ɗaura mata gutsattsarin tsofaffin silifa da robobin ruwa don ta tsaya, ƙasanta kuma an sa mata dalma don ta nutse, sai ta zama kamar katanga a cikin ruwa. Kifin da ya zo wucewa yakan cusa kansa cikin idon ragar, in ya so ja da baya sai zaren ya maƙale masa a kunne. Saboda haka girman idon raga shi ke yanke hukuncin kifin da zai mutu da wanda zai rayu. Masunta da yatsu suke auna shi: akwai mai yatsa ɗaya, da mai biyu, da mai uku, da mai huɗu. Ta Baba mai yatsa huɗu ce, ƙaramin kifi yakan bi ta cikinta ya wuce abinsa.

Yadda Baba ya gano ragarsa cikin duhu ya ba mu mamaki. Ba fitila, ba alama, sai dai ya dubi wata bishiya a wancan ƙetare, ya waiwaya ya dubi bangon madatsar, ya ce wa saurayin ya karkata dama. Ba a jima ba sai ga robar farko tana lilo a gefen jirgi. Suka shiga ja, Baba a goshin jirgi yana tattara raga, saurayin a baya yana riƙe jirgin da filafili don kada iska ta juya shi. Taku goma na fari ba kome sai ciyawa da leda. Can sai ga karfasa guda mai faɗin tafin hannu, sa'an nan wata, sa'an nan kurungu yana ta gurnani. Baba ya kama shi da dabara ya karya ƙayoyinsa uku kafin ya jefa shi daro, ya ce duk masuncin da bai taɓa shan sukar kurungu ba bai fara su ba tukuna.

Raga uku suka ɗaga kafin rana ta fito sosai. Abin da aka samu duka bai rufe gindin daro da kyau ba: karfasa 'yan kaɗan, kurungu uku, da tarwaɗa guda mai kaurin damtse. Baba ya dubi daron bai ce kome ba sai hamdala. Daga baya ya shaida mana cewa sa'ad da yake da ƙuruciya raga ɗaya takan cika wannan daro, har akan bar ta biyu sai an kai na farko gaɓa an dawo. Muna iya cewa kowane tsoho yakan yabi zamaninsa, amma saurayin ma, wanda bai fi shekara goma sha biyar a ruwa ba, ya ce shi kansa ya ga bambanci tsakanin lokacin da ya fara da yanzu.

Cikin lungu

Da hantsi muka bar tsakiyar ruwa muka nufi wani lungu, inda ruwan ya kutsa cikin ƙasa tsakanin gonaki, wurin da wani rafi ke shigowa. Nan ba zurfi, gora tana taɓa ƙasa, ruwan kuma ya yi ja saboda ruwan saman da aka yi shekaranjiya. Ciyawa da kacalla sun rufe gefe da gefe. A nan suke kafa gura, wani tarko mai kamar kwando da ake yi da tsumagu a lulluɓe da raga, a bar masa ƙananan ƙofofi, a sa dusa a ciki. Kifi yakan shiga cin dusa ya kasa fita. Masunta suna ce mata gurar Mali, domin daga can aka kawo dabarar.

Baba ya ce wannan lungu shi ne ɗakin haihuwar madatsar. Da ruwan fari ya sauka, rafi ya kawo, sai tarwaɗa ta hau cikin ciyawar da ruwa ya rufe ta zuba ƙwanta. Namijin karfasa kuma yakan share wani ɗan gurbi a ƙasan ruwa marar zurfi, kamar kasko, macen ta zo ta yi ƙwai a ciki. Ya nuna mana irin waɗannan gurabu ta cikin ruwa, inda ya ɗan kwanta. 'Ya'yan kifi kuwa ga su nan bataliya guda, kamar an watsa ƙaiƙayi, suna ɓuya cikin ciyawa don gudun manyan kifaye da tsuntsaye.

A gura ta huɗu ne muka ga abin da ya sa muka rubuta wannan labari. Saurayin ya zura hannu ya fito da wata karfasa mai kyau, wadda ta fi duk na cikin daro. Yana ɗaga ta sai ta buɗe baki, 'ya'ya ƙanana kamar ƙwayar shinkafa suka zubo masa a tafin hannu suna motsi. Mun ɗauka cinye su ta yi. Baba ya yi dariya ya ce, "A'a Malam, nata ne." Ashe haka Allah ya halicci wannan kifi: uwar takan kwashe ƙwanta, ɗaruruwa, ta riƙe su cikin bakinta har su ƙyanƙyashe, mako guda zuwa biyu ba ta cin abinci. Ko bayan sun fara yawo, in suka ga haɗari bakinta suke komawa.

Saurayin ya tsaya da kifin a hannu, ya dubi daron da bai cika ba, ya dubi Baba. Mun san abin da ke ransa, domin a hanya ya riga ya gaya mana cewa ana binsa kuɗin taki, ga kuma kuɗin makarantar ɗansa na fari. Baba bai yi masa faɗa ba, ya dai ce, "Ɗana, mai da ta." Ya sunkuya ya sa ta cikin ruwa a hankali, ya wanke hannunsa a wurin don 'ya'yan da suka manne su bi ta. Ba wanda ya sake magana har muka gama duba sauran gurar.

Abin da ke cinye kifin

Muna fitowa daga lungun sai muka hangi samari huɗu a wancan gefe, ruwa iya ƙugu, suna jan wani abu fari tsakaninsu. Gidan sauro ne, an ɗinke biyu ko uku wuri ɗaya. Ba abin da ke tsira daga irin wannan raga, ko ƙwai ko ɗa ko uwa. Abin da suka tara a gaɓa tsibi ne na 'yan mitsi-mitsin kifi da za a shanya a sayar da mudu. Kowane ɗaya cikinsu, da an bar shi wata shida zuwa shekara, da ya zama abin da zai cika tafin hannu. Ga kuma hasara ta biyu: wannan gidan sauro an raba shi ne don kare yara da mata masu ciki daga zazzaɓin cizon sauro, ga shi ya ƙare a ruwa, yaran kuwa suna kwana a buɗe.

Saurayin namu bai ɓoye mana ba, ya ce shi ma an sha jan ra'ayinsa ya shiga cikinsu, domin abin da suke samu cikin sa'a biyu ya fi abin da shi da Baba suke samu a yini. Ya ce ba miyagun mutane ba ne, ya san su duka. Waɗansu manoma ne da rashin tsaro ya hana su zuwa gonakinsu na nesa a 'yan shekarun nan, suka juyo ruwa don kada iyali su kwana da yunwa. Raga ta ƙwarai tana da tsada, gidan sauro kuwa kyauta ne. Hannuwa sun yi yawa, ruwan kuwa bai ƙaru ba.

Akwai abin da ya fi wannan muni, watau zuba guba. Tun zamanin da akwai masu daka magimfa su zuba a kududdufi kifi ya bugu ya taso. Da magungunan ƙwari na gona suka zo, sai waɗansu suka koma kansu, musamman wanda aka fi sani da Gamalin. Wannan magani yakan kashe duk abin da ke numfashi a wurin, ya kuma zauna cikin naman kifin ya bi mai ci har gida. Saboda illarsa ga mutane, a 2009 ƙasashen duniya suka amince a daina yin sa da amfani da shi a gonaki. Baba ya koya mana yadda ake gane kifin guba: jikinsa yakan saki da wuri, cikinsa ya kumbura, kuma ba ya jimawa yake ruɓewa.

Ba a rasa doka ba. Dokar su ta ruwayen cikin ƙasa, mai lamba 108 ta 1992, ta hana kama kifi da guba ko nakiya ko wutar lantarki, ta kuma hana amfani da ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, watau wajen inci uku, in ban da waɗansu keɓaɓɓun ragogi na kifayen da asalinsu ƙanana ne. Amma doka tana takarda, ruwa kuma yana daji. Ba ma'aikacin da zai iya tsaron kowane lungu dare da rana.

To, kada mu manoma mu ɗauka laifin na masunta ne kaɗai. Jan ruwan nan da muka gani a lungu ƙasar gonakinmu ce. Muna noma har bakin ruwa, mun sare itatuwa da ciyawar da ke riƙe gaɓa, kowace damina ruwa yana kwasar ƙasa da taki yana zubawa cikin madatsar. Ƙasar tana cike gurbin ruwa, takin kuma yana ciyar da kacalla tana ƙara yaɗuwa. A wannan safiya da idonmu muka ga wani yana wanke tankin feshin maganin ciyawa a bakin ruwan, ƙasa kaɗan da inda mata ke ɗiba. Wannan ruwa kuwa shi ne dai aka tare domin mutane su sha.

Hadari

Wajen azahar Baba ya ce a koma tsakiya a ɗan jefa birgi kafin a tashi. Birgi raga ce mai da'ira, da dalma a bakinta, wadda ake yaɓawa a kafaɗa a wurga ta buɗe kamar laima ta faɗa kan ruwa. Saurayin ya tsaya a goshin jirgin nan mai lilo ya wurga ta sau goma sha wani abu, ya sami ƙawara kaɗan da karfasa biyu. Muna cikin kallo sai Baba ya ɗaga kai ya dubi gabas ya ce a naɗe. Mu ba mu ga kome ba sai wani ɗan baƙi-baƙi can ƙasa-ƙasa. Kafin a gama naɗe birgi iska ta sauya, ta yi sanyi, fuskar ruwa ta yamutse.

Ba za mu manta da wannan rabin sa'a ba. Igiyar ruwa tana dukan gefen jirgi tana fantsamo mana, mu kuwa muna ta kwasa da galan ba ji ba gani. Su biyun suna tuƙi da ƙarfinsu duka, Baba yana ba da umarni da gajerun kalmomi, yana sa goshin jirgin ya fuskanci igiyar don kada ta buge mu ta gefe. Ba mai rigar ceto cikinmu ko ɗaya, ɗayanmu kuma bai iya iyo ba. A nan muka tuna da almajiran Yesu sa'ad da hadari ya same su a teku har suka tashe shi daga barci, muka kuma gane cewa tsoron nasu ba na wasa ba ne, domin waɗansunsu a ruwa suka girma. Allah ya kiyaye, muka kai gaɓa tare da ɗigon ruwa na fari. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Muna tuna hatsarin kwale-kwalen da ya auku a Bagwai ta Jihar Kano a ƙarshen Nuwamba 2021, inda mutane da yawa suka rasu, akasarinsu yara. Rigar ceto guda ba ta kai kuɗin buhun taki ba.

Ciniki a gaɓa

Da ruwan ya ɗauke sai mata masu tuya da masu banda suka fito daga rumfa suka kewaye jiragen da suka dawo. Ba sikeli, da ido ake ciniki, a kasa kashi-kashi, a yi tayi, a yi albarka, har a daidaita. Kamun namu bai cika daro ɗaya ba. Baba ya ware kurungu biyu na gidansa, ya ba saurayin ƙawara ya kai wa iyali, suka sayar da saura. Aka fitar da kuɗin dusa da na zaren gyaran raga, aka raba abin da ya rage. Rabon saurayin, bayan aikin da ya fara tun asuba, bai wuce abin cefanen yini guda ba. Karfasar da ya mayar ruwa da ta ƙara masa wani abu a kai.

Wata daga cikin matan, 'yar Zumuntar Mata ce a wata ikilisiya ta kusa, ta gaya mana cewa yanzu rabin abin da take toyawa kifin ƙanƙara ne da ake kawowa daga Funtuwa. Wannan ba abin mamaki ba ne. Alƙaluman da gwamnatin tarayya ta sha bayarwa a 'yan shekarun nan sun nuna Nijeriya tana bukatar kifi wajen tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa kuwa bai fi sulusin haka da yawa ba. Ana cike wani sashe na giɓin da kifin da jiragen ƙasashen waje suka kamo a teku. Watau mace tana zaune a bakin madatsa tana toya kifin da ya ƙetaro teku ya zo.

Galili da Argungu

Masu karatu sun san cewa almajiran farko, Bitrus da Andarawas da Yakubu da Yahaya, masunta ne. Abin da wataƙila ba kowa ya sani ba shi ne Tekun Galili tafki ne na ruwan daɗi, tsawonsa wajen kilomita 21, faɗinsa wajen 13. Kifin da ya fi suna a cikinsa, wanda ake ce wa kifin Bitrus, karfasa ne, kuma irinsa yana nan a ruwayen Nijeriya. A 1986, da fari ya janye ruwan tafkin, an tono wani jirgin katako na zamanin Yesu daga cikin laka, tsawonsa mita takwas da 'yan kai. Luka sura 5 ta ba mu labarin daren da suka kwana suna wahala ba su kama kome ba, Yahaya sura 21 kuma ta ƙidaya mana kifi 153 da suka jawo gaɓa, ta kuma ce manya ne. To, wannan tafki mai albarka ma bai tsira ba. A 2010 gwamnatin Isra'ila ta ba da sanarwar hana su a cikinsa saboda kifin ya ragu ƙwarai, kuma cikin dalilan da aka bayar har da ragogi masu ƙananan idanu.

Ba sai mun je nesa ba. Gulbin Sakkwato daga nan yankin Funtuwa ya samo asali, ya bi ta Gusau da Bakolori, ya haɗu da Rima, ya wuce ta Argungu kafin ya faɗa Kwara. Kowa ya ji labarin manyan giwan ruwa da ake kamawa a bikin su na Argungu, wanda ya samo asali a 1934, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. Asirin waɗannan manyan kifaye a fili yake: ana hana su a Matan Fada har sai ranar biki, Sarkin Ruwa yana lura, jama'a kuma suna biyayya. Ruwan da aka bari ya huta shi ke ba da babban kifi.

Littafi Mai Tsarki ya riga ya koya mana haka. A Maimaitawar Shari'a 22:6-7 an umarci wanda ya tarar da sheƙar tsuntsu kada ya haɗa uwa da 'ya'ya ya kwashe, sai ya saki uwar, kuma an haɗa wannan umarni da alkawarin zaman lafiya da tsawon rai. Littafin Firistoci sura 25 ya ce ƙasa ma a ba ta hutu. Farawa sura 2 kuma ta nuna an sa mutum cikin gona domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Mu manoma ba ma bukatar dogon bayani a nan, domin ko yunwa ta kai yaya, mai hankali ba ya dafa irin shuka. 'Ya'yan kifin nan da ake aunawa da mudu su ne irin shukar masunci.

Abin da za mu iya yi

Addu'ar da aka yi wa ɗan'uwanmu daidai ce, amma akwai sashen amsarta da ke hannunmu. Iyayenmu mata na Zumunta, ku ne masu saye da tuya da banda. In kuka haɗa baki da sauran mata 'yan kasuwa kuka ƙi sayen 'ya'yan kifi da kifin guba, masu kama su za su rasa kasuwa. Magidanta, gidan sauro na kan gado ne, a tabbata can yake kwana. Manoman da ke da gona a bakin ruwa, a bar 'yan taku na ciyawa da itatuwa tsakanin kunya ta ƙarshe da gaɓa, a kuma wanke tankin feshi can cikin gona nesa da ruwa.

Fastoci da dattawan ikilisiyoyin da ke kusa da madatsun nan, ruwan ba na Kirista ba ne ko na Musulmi, na dukanmu ne, kuma maganar kifi magana ce da za a iya zama a kanta da limamai da masu gari da Sarkin Ruwa ba tare da wata gardama ba. Abin da Baba ya fi so shi ne a yarda a bar lungunan da kifi ke haihuwa su huta a watannin farkon damina, lokacin da galibin mutane suke gona. Amma hani kaɗai ba zai ci ba in ba a dubi cikin mai yunwa ba. Ƙungiyoyin matasa na ikilisiya suna iya yin adashi a saya wa mai su raga mai babban ido da rigar ceto, ya biya sannu a hankali. Waɗanda ke da hali kuma su duba kiwon tarwaɗa a tafkin gida. Akwai cibiyar gwamnatin tarayya ta binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa, kusa da Kainji, da makarantar koyon aikin kifi a garin, inda matasanmu za su iya neman ilimin.

Da la'asar sakaliya, bayan sun ɗinke inda ragar ta yage, Baba da saurayin suka sake tura jirgi don shimfiɗa kallin gobe. Mu muka tsaya a gaɓa, tufafinmu ba su gama bushewa ba. Kafin su tafi mun tambayi saurayin ko zai iya ci gaba da haƙuri da babbar raga. Ya ce bai yi mana alkawari ba, domin ranar biyan kuɗin taki tana matsowa, amma muddin yana cikin jirgin Baba ba zai taɓa gidan sauro ba. Mun kai maganarsa gaban dattawan ikilisiyarsa, sun kuma ce za su zauna a kanta. Muna roƙon masu karatu su ci gaba da tunawa da shi, da Baba, da dukan masu neman abinci a kan ruwa. Ubangiji ya kiyaye fitarsu da komowarsu. Amin.